Mahaifiyar Abokina Ta Yi Bakance A Kaina Ga Abar Bautar Ƙauyensu A Indiya: In Je Bikin?

TAMBAYA

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya gafarta Malam, ni ɗan Katsina ne, ina shekara ta uku a karatun harhaɗa magunguna a Koyambatur, jihar Tamil Nadu da ke kudancin Indiya. Ina da aboki ɗan Hindu, ajinmu ɗaya, ɗakinmu ɗaya. Ya gayyace ni ƙauyensu da ke yankin Madurai bikin abar bautarsu Mariyamman, wadda suka ce ita ke tsaron ƙauyen. Shin ya halatta in shiga ɗakin bautar in yi kallo kawai, ba tare da na bauta wa komai ba? Wani ɗan'uwa Musulmi a nan ya ce mini ba komai. Ya ce malamai sun halatta shiga coci, Sayyidina Ali ma ya shiga, kuma wannan al'adar ƙauye ce, har Musulmin yankin kan halarta, sannan aiki da niyya yake.

Ba na son in ƙi zuwa domin mutanen nan sun yi mini halacci. A watan Afrilu ƙarambau ya kwantar da ni, mahaifiyarsa ta yi tafiyar kusan awa biyar a mota ta zo ta yi jinyata mako biyu kamar ɗan cikinta. Ta shimfiɗa mini ganyen darbejiya, ta shafa mini kurkum, ta ɗaura mini wani zare rawaya a hannu lokacin zazzaɓi ya rufe ni. Har yanzu yana hannuna, kunyar cirewa nake ji. Abokin nawa ya ce a lokacin ta yi alkawarin in na warke za ta kai ni gaban Amman ta yanka zakara, wai in ba a cika ba Amman kan yi fushi ciwon ya dawo. Ban yarda da wannan ba, amma gaskiya wani lokaci abin kan faɗo mini a rai. Na yi tunanin ko in ba su kuɗin zakaran kawai in huta. Sannan mene ne hukuncin abincin da ake rabawa a wurin?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullahi wa barakatuh. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗana, sannu da jiki, Allah ya ƙaro sauƙi. Ka tambaye ni hukuncin ɗan kallo, amma da na karanta wasiƙarka har ƙarshe ban ga ɗan kallo a cikinta ba. Abin da ya sauya hukuncin ka ajiye shi can ƙasa kamar ƙarin bayani: matar nan ta yi bakance, kuma kai ne abin da ta yi bakancen kaiwa. Zakaran rakiya ne. Ranar da ka tsaya gaban gunkin nan, ko bakinka bai furta komai ba, ko zuciyarka tana ta istigfari, duk wanda ke wurin ya san ma'anar tsayuwarka: ga yaron da Amman ta warkar, an kawo shi godiya. Tsayuwar ita kanta ita ce ibadar da aka yi alkawari. Don haka zuwanka wannan biki bai halatta ba, kuma shigarka wannan ɗakin bautar tare da wannan iyali bai halatta ba ko da a ranar da ba biki, domin duk ranar da ka sa ƙafa bakancen ya cika.

Ya kamata ka san abin da aka gayyace ka, tunda ba a yanke hukunci a kan abin da ba a sani ba. A ƙauyukan kudancin Indiya da wuya ka sami gari marar abar bauta mace da mutanensa suka ɗauka ita ce uwarsa mai tsaron iyakarsa. Kalmar Amman ma'anarta uwa. Mariyamman ita ce mafi shahara a ƙasar Tamil, kuma abu biyu aka fi jingina mata: ruwan sama da cututtukan ƙuraje masu zazzaɓi, wato agana, ƙyanda da ƙarambau. A imaninsu ita ke kawo su, ita ke ɗauke su. Wanda ƙuraje suka fito masa sai a ce Amman ta sauka a jikinsa, a rataya darbejiya a ƙofa, domin a wurinsu ganyenta ne. A arewacin Indiya Shitala ce ke riƙe da wannan matsayi. Babban ɗakin bautar Mariyamman da ke Samayafuram kusa da Tiruci yana tara ɗimbin jama'a, amma na ƙauye sau da yawa ɗan ƙaramin gini ne ko dutse a gindin bishiya, mai hidimarsa kuma, wanda suke kira pusari, galibi ba Barahmin ba ne, wato ba daga dangin malaman addinin Hindu na gado yake ba, mutumin gari ne. Watan Adi, daga tsakiyar Yuli zuwa tsakiyar Agusta, shi ne watanta. A bikin ana ɗaura zare mai kurkum a hannun masu alkawari, mata su ɗauko tukwanen madara a ka, wasu su riƙo kaskon wuta, wasu su taka garwashi da ƙafa, a dama kunun tamba ko na gero a miƙa mata sannan a raba, a yanka awaki da zakaru, a buga ganga har iska ta hau wata ko wani ya fara faɗin gaibu da sunan Amman. Yankan nan yana da girma a wurinsu ƙwarai. A 2003 gwamnatin jihar ta yi yunƙurin tilasta dokar 1950 da ta hana yanka a wuraren bauta, mutanen karkara suka ƙi, a 2004 aka soke dokar baki ɗaya.

Ka ga ke nan kusan duk abin da ake yi a wurin cika alkawari ne, naka ɗaya ne daga cikinsu. Cewa yanka da bakance ga wanin Allah shirka ne, wannan ɗan makarantar allo ma ya sani, ba sai na tsaya ba.

Inda zan daɗe shi ne maganar ɗan'uwan nan da ya ce maka ba komai, domin irin maganar ce mai kama da ilimi, ga sunan sahabi, ga hadisi, kuma ba kai kaɗai ake gaya wa ita ba.

Gaskiya ne malamai sun yi saɓani a kan shiga coci da makamantansa. Hanafawa sun ƙi, da yawan Shafi'awa sun hana in akwai siffofi, Hanbalawa sun sassauta, Imam Malik kuma ya karhanta yin salla a ciki saboda najasa da siffofi, ya karhanta sauka a ciki ga matafiyin da ke da wani masauki. Amma a kan me suka yi saɓanin? A kan gini ne a ranar da ba a ibada, mutum ya shiga don wata buƙata, ya fake wa ruwa ko sanyi, ko ya amsa gayyatar abinci. Labarin Sayyidina Ali da Ibn Ƙudama ya kawo a Mugni haka yake: Sayyidina Umar ya je Sham, Nasara suka yi masa abinci a coci, ya ƙi shiga, ya ce Ali ya tafi da mutane su ci. Ali ya shiga, suka ci, ya dubi zane-zanen. Walima ce aka yi wa shugaban Musulmi, abincin Ma'abota Littafi ne, ba a cikin ibada ake ba, ba wanda ya kama hannun Ali ya kai shi gaban wani abu don cika alkawari. Kuma wanda ya ɗauki rabin labarin ya bar rabi bai yi adalci ba, domin a cikinsa ne Umar ya ƙi shiga, Buhari ma ya ambato maganarsa cewa ba ma shiga majami'unku saboda mutum-mutumin da ke ciki. Umar ɗin nan ne kuma Baihaƙi ya ruwaito yana cewa kada ku shiga wa mushirikai wuraren bautarsu ranar idinsu, domin fushin Allah yana sauka a kansu. Waɗanda suka sassauta a ranar da ba komai ba su sassauta a ranar idi ba. A mazhabarmu an tambayi Ibnul Ƙasim, almajirin Malik, game da hawa jirgin ruwan da Nasara ke hawa zuwa bukukuwansu, ya ƙi shi. Jirgin da zai kai su ke nan, balle tsakiyar fili, balle gaban gunkin, balle a ce kai ne abin da aka kawo.

Sai cewa al'ada ce. Ka tambayi mahaifiyar abokinka ko abin da za ta yi al'ada ce kawai kamar kwalliyar sallah, ka ga yadda ranta zai ɓaci. Ita da gaske take yi, ta yi imani an amsa mata, kuma girmama ta ya haɗa da ka ɗauki imaninta yadda ita ta ɗauke shi. Su kansu ba su yarda wurin na yawon buɗe ido ba ne. A Janairun 2024 reshen Madurai na babbar kotun Madras, a shari'ar ɗakin bautar Falani, ya yi umarni a kafa alluna masu hana wanda ba Hindu ba wuce turken tuta, sai in ya rubuta cewa ya yi imani da abin bautar, kotun ta ce wurin bauta ba wurin shaƙatawa ba ne. Masu abin suna cewa addini ne, sai Musulmi ne zai zo ya ce musu al'ada ce don ya sami ƙofar shiga? Ma'aunin kuma Annabi (SAW) ya ba mu shi. Wani mutum ya yi bakancen soke raƙuma a wani wuri da ake kira Buwana, don Allah zai yanka, amma kafin a ba shi izini sai da Annabi ya tambaya: akwai wani gunki na jahiliyya da ake bauta wa a wurin? Ana yin wani idi nasu a wurin? Da aka ce babu sannan ya ce ya cika, kamar yadda Abu Dawud ya ruwaito. Ka ɗora tambayoyin nan biyu a kan ƙauyen abokinka. Duka biyun amsarsu e ce, kuma yankan ma ba don Allah ba ne.

Batun cewa Musulmin yankin kan halarta, na san a wasu garuruwan Tamil Nadu Musulmi kan kai wa maƙwabtansu kyauta ko su raba ruwa a bakin hanya ranar irin wannan biki don zaman lafiya. Su tsiraru ne, kusan shida cikin ɗari na mutanen jihar, suna da malamansu da suka san halinsu, ba zan yanke musu hukunci daga nan ba. Amma aikin mutane ba ya zama hujja, kuma mai miƙa wa maƙwabci ruwa a titi daban, wanda aka ja shi gaban gunki daban. Mu Hausawa bai kamata a ruɗe mu da wannan ba, mun ga irinsa a gida. Tarihin Kano ya ba da labarin Barbushe da Tsumburbura a Dala, da baƙaƙen dabbobin da ake kaiwa. Bayan Musulunci ya kafu ma an daɗe ana samun mai salla da azumi wanda in ɗansa ya kwanta sai ya kai baƙin bunsuru gindin tsamiya, in an yi magana ya ce gado ne. Wannan gauraye shi ne abin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi ta faɗa a kai a rubuce-rubucensa. Da ganga da hawan iska da yanka a gindin bishiya aka kawo maka a wani ƙauyen Katsina aka ce bori ne, ba ka rubuto mini ba, da kanka za ka san amsa. Nisa da baƙon harshe ne suka sa abin ya yi maka kama da kallo.

Niyya kuwa, hadisin gaskiya ne, wurin da aka sa shi ne ba daidai ba. Niyya tana mayar da halal ibada, tana ɓata ibada ta zama riya, amma ba ta wanke haram ya zama halal. Akwai ayyukan da ma'anarsu a jikinsu take, shi ya sa Alƙali Iyad a Ashafa ya lissafa sujada ga gunki da tafiya wuraren bautarsu tare da su cikin shigarsu a ayyukan da ba sa fitowa sai daga kafiri, Shehu Halil kuma a babin ridda ya kawo misali da ɗaura zunnar, igiyar da ke alamta wani addini. Masu sharhi sun yi bayani cewa kafircin yana tabbata ne in an yi don so da karkata ga addinin, wanda ya yi ba da wannan nufi ba ya aikata haram bai fita Musulunci ba. Ka lura, iyakar abin da kyakkyawar niyya ta yi a nan shi ne ta sauko da aikin daga kafirci zuwa haram. Ba ta kai shi halal ba. Rangwamen da aka yi wa Ammar ɗan Yasir na furta kalmar kafirci, na wanda aka azabtar ne, kunya da kara ba tilas ba ne.

Wataƙila ya ƙara maka da cewa ai Annabi (SAW) ya yi ɗawafi a Umratul Ƙada, shekara ta 7, gumaka na kewaye da Ka'aba. To, ɗakin na Allah ne, gumakan ne baƙin haure, kuma ibadar da ya je yi ta Allah ce. Da Allah ya ba shi iko a shekara ta 8 bai shiga cikin ɗakin ba sai da aka fitar da siffofin.

Kuma a aikace, ɗana, ba a barin baƙo ya tsaya gefe a irin wannan wuri, musamman baƙon da aka zo dominsa. Pusari zai zagayo da faranti mai wutar kafur, kowa ya ɗora tafin hannu a kan harshen wutar ya shafa a ido. Zai ɗebo jan gari ko toka ya dangwala maka a goshi. Za a miƙo maka ɓarin kwakwa da ayaba daga gaban gunkin. Tsohuwar da ta yi jinyarka tana gefenka tana hawayen murna. Kai da ka kasa cire zare wata da watanni kana ɗakinka, a nan ne za ka iya janye goshinka gaban dukan ƙauye? In ka janye ka kunyata ta a bainar jama'a, in ka bari ka faɗa abin da kake gudu. Ƙin zuwa tun daga Koyambatur ya fi sauƙi a gare ka, ya fi rufin asiri a gare ta.

Don kada a ɗauki maganata fiye da inda ta tsaya: mai binciken addinai, ko ɗalibin zanen gine-gine, ko ma'aikacin lafiya da aiki ya kai shi irin wannan wuri a ranar da ba biki, bai rusuna ba, bai karɓi komai ba, wannan shi ne wurin saɓani, ba na tsananta masa, ko da yake barin ya fi in ba buƙata. Tsofaffin gine-ginen tarihi da aka daina bauta a cikinsu sun fi sauƙi ga mai zuwa don lura.

Kuɗin zakara kada ka bayar, ko sisi. Wanda ya sayi abin yanka ya yi tarayya a yankan, kuma a hadisin Muslim, daga Sayyidina Ali ɗin da aka kafa maka hujja da shi, Allah ya la'anci wanda ya yi yanka don waninsa. Haka kuɗin da ake tarawa gida-gida na hidimar bikin. Bakancen nata bai hau kanka ba, ba kai ka yi ba, ba a shawarce ka ba. In ta je ta yanka da sunanka ba da yardarka ba, babu komai a kanka.

Zaren ka cire shi yau, kafin ka kwanta. Lokacin da aka ɗaura ba ka cikin hayyacinka, babu laifi. Barinsa bayan ka gane ko mene ne kuskure ne, ka yi istigfari, shi ke nan. Kada Shaiɗan ya buɗe maka ƙofar waswasi ya ce imaninka ya tafi ko sallolinka sun ɓaci, wanda imaninsa ya tafi ba ya damuwa har ya rubuto tambaya. Ka cire shi kai kaɗai, ba sai ka tsinke shi gaban abokinka ba. Darbejiya da kurkum kuwa magani ne, bishiyar ma daga can asalinta take, mu ma muna dafa ganyenta don zazzaɓi. A nan ne niyya take aiki, domin asalin abin halal ne: ita ta shimfiɗa da nufinta, kai ka kwanta a kai da naka.

Abinci kashi-kashi ne. Naman bikin haram ne ta fuska biyu, yankan wanda ba Musulmi ba kuma ba Ma'abocin Littafi ba, sannan an yanka don wanin Allah. Wanda ba nama ba amma an ajiye shi gaban gunkin aka dawo da shi a matsayin tubarraki, kamar kunun nan da kwakwa da ayaba, shi kansa ba najasa ba ne, amma karɓarsa a matsayin albarkar Amman wani yanki ne na ibadar, ka bar shi. Abin da aka dafa a gida don ci, shinkafa da miyar ganye da kayan marmari, ka ci ka yi godiya. An tambayi Nana A'isha game da kyautar da Majusawa ke kawowa ranar idinsu, ta ce abin da aka yanka don wannan rana kada ku ci, amma ku ci daga 'ya'yan itatuwansu. Wanda iska ta hau yana faɗin gaibu kuma, ko a hanya ka gamu da shi kada ka tsaya a tambaya maka komai, ka san hadisin da ya ce wanda ya je wurin boka ya tambaye shi ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in.

Yanzu abin da ya fi damuna a wasiƙarka, wanda ba ka sa shi cikin tambaya ba: ka ce abin kan faɗo maka a rai. Na ji daɗi da ka faɗi gaskiya. Abin da ke ɗarsuwa mutum yana ƙinsa ba a kama shi da shi. Amma ka duba inda tunanin ba da kuɗin zakara ya fito, kada ya zama wannan ɗan tsoron ne ya sa rigar kara. Wannan barazana tsohuwa ce. Mutanen Annabi Hudu sun ce masa ba abin da za mu ce sai dai wani cikin allolinmu ya shafe ka da cuta, ya ce su taru gaba ɗaya su yi masa makirci kada su saurara masa, ka karanta Suratu Hud daga aya ta 54 zuwa 56 ka maimaita. Zinnira, baiwar da Sayyidina Abubakar ya 'yanta, idonta ya rufe bayan ta musulunta, Ƙuraishawa suka ce Lata da Uzza ne, ta ƙaryata su, Allah ya mayar mata da ganinta. Agana da aka yi ɗaruruwan shekaru ana yanka dominta, rigakafi ne Allah ya sa ya kawar da ita, an ga ta ƙarshe a Indiya a 1975, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar da ƙarewarta a duniya a 1980. Kai ɗalibin magani ne, ka fi ni sanin cewa ƙwayar ƙarambau ba ta barin jiki, takan kwanta a jijiya, bayan shekaru ta iya tasowa da ƙuraje masu zafi a ɓari ɗaya na jiki. Ina gaya maka tun yanzu don in hakan ta faru wata rana, ko ka faɗi jarrabawa, ko wani abu ya same ka a makon bikin, kada zuciyarka ta ce ko dai. Ka je asibiti, ka riƙe azkar na safe da yamma.

Saura haƙƙin matar nan, kuma yana da nauyi. Kada amsata ta sa ka ɗauke mata ƙafa. Allah bai hana mu kyautata wa waɗanda ba su yaƙe mu ba, aya ta 8 a Suratul Mumtahana, kuma Annabi (SAW) bai manta halaccin Muɗ'im ɗan Adiyyu ba, mushirikin da ya ba shi mafaka bayan Ɗa'ifa, har ya ce a kan fursunonin Badar da Muɗ'im na raye ya nemi a sake su da ya sakar masa su. Wadda ta bar gidanta ta yi mako biyu a kanka kana cuta mai yaɗuwa ta cancanci ka tuna ta har ka mutu. Ka je ƙauyen, amma mako biyu ko uku kafin bikin ko bayansa, bayan ka yi magana da abokinka a fili cewa ba za a bi da kai ɗakin bautar ba. Shi za ka fara zaunarwa, ku biyu. Ka ce masa: mahaifiyarka uwata ce, abin da ta yi mini ba zan iya biya ba, amma addinina ya hana ni tsayawa gaban wani abin bauta ko a yi yanka da sunana, kamar yadda akwai abin da kai ma ba za ka ci ba ko wa ya ba ka. Mutanen Indiya sun san wannan harshe, ƙasa ce da kowa ke da abin da ba ya ci da inda ba ya shiga. In tsoronta shi ne alkawarin zai faɗa kanta, wannan tsakaninta da mutanenta ne, kai dai kada ka ba da shawarar yadda za a musanya shi. Ka riƙa mata kyauta mai daraja, zane ko abin amfanin gida, ka ci abincinta, in tana da larurar asibiti ka tsaya mata. Ka kuma gaya wa mahaifiyarka a Katsina duk abin da ya faru, ta kira ta a waya ta yi mata godiya ko da ɗanta ne zai yi tafinta, ta aika mata da turmin atamfa da turare. Uwa ta fi jin godiyar uwa. Ka roƙa mata shiriya a sujadarka, ita da ɗanta.

Ka kiyaye harshenka da wayarka. Kada ka ɗauki hoton bikinsu ka sa a Facebook ko TikTok ana dariya, kada ka zagi abin bautarsu ko a cikin raha. Suratul An'am aya ta 108 ta hana, dokar Indiya tana hukunta cin zarafin addini, kai kuma baƙo ne mai zama da biza.

Akwai kuma tambayar da nake so ka kai wa 'yan'uwanka ɗalibai Musulmi a nan, har da mai ba ka fatawar: ina suke mako biyun da kake kwance, har sai da tsohuwa ta taso daga Madurai? Ku haɗa kanku, ku san wanda ya kwanta da wanda ya shiga matsala, ku saba da limamin masallacin da kuke Juma'a, shi ya san garin ya san harshen, zai ma iya taya ka tsara yadda za ka yi wa iyalin bayani da Tamil. In kun yi maganar da abokin naka, ka rubuto mini yadda kuka ƙare.

Wallahu a'alam.